Ku Tambayi Injiniya: Kyamara a Mararraba, Me Take Gani, Me Ake Gyarawa da Ita?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk daga birnin Sakkwato suka fito, kuma magana guda suke zagayawa: haɗarin da ke aukuwa inda tituna suka haɗu, da kyamarar da ake cewa tana maganinsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su da na mararrabun da suka ambata. Injiniyoyin hanya na wannan fili ne suka amsa.

Shagona yana bakin wata mararraba. Cikin wata biyu an yi karo uku a gabana, na ƙarshen wani ɗan kabu-kabu ne ya karye a cinya. Ɗana ya ce a ƙasashen waje kyamara suke kafawa haɗari ya ragu. To ta yaya kyamara za ta hana mota buge mashin? Daga wani ɗan kasuwa, Mabera.

Alhaji, Allah Ya ba wanda ya ji ciwo lafiya, Ya kiyaye na gaba. Kyamara ba ta taka wa kowa birki. Abin da take yi shi ne ta nuna wa mai gyara inda cutar take tun kafin a kai ga ɗaukar gawa.

Yadda aka saba, sai an tara rahoton haɗari na shekara uku ko fiye kafin a ce ga mararrabar da ke cin mutane. Wannan hanya tana da jinkiri, kuma a wurinmu tana da babban giɓi. Yawancin ƙananan karo a bakin titi ake sasanta su, a ba da kuɗin gyaran fitila kowa ya kama gabansa. Wanda ya karye sau da yawa gidan mai ɗori ake kai shi, labarinsa ba ya shiga littafin kowa. Wanda ma ya shiga, abin da za a rubuta bai wuce "gudu" ko "ganganci" ba, kuma waɗannan kalmomi ba sa gaya wa injiniya ko kusurwa zai matse, ko lokacin danja zai ƙara, ko rumfar da ta tare ido zai matsar.

Amma kai da ke zaune a wurin ka san cewa kafin kowane karo guda, an yi "saura ƙiris" ba adadi: ƙarar birki, salati, a zagi juna a wuce. Wannan saura-ƙiris ɗin shi ake ƙirgawa. Dabarar ta girmi kyamarorin yau. A 1967 masu bincike biyu na kamfanin General Motors a Amurka, Perkins da Harris, suka tsara yadda mutum zai tsaya a mararraba yana rubuta duk inda direba ya taka birki ko ya kauce don gudun karo. Daga baya Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ta inganta tsarin, musamman aikin Christer Hydén na 1987. Bidiyo ya zo ya cire gajiyar ido da gardama, domin ana iya mayar da shi baya sau goma. A 2019 birnin Bellevue na Amurka ya bi bidiyon mararrabai 40, kimanin awa 5,000, da manhajar kwamfuta don wannan aiki.

Bari mu nuna maka yadda abin yake a faifai. A ce ƙarfe biyar da rabi ne na yamma. Wani ɗan kabu-kabu ɗauke da mace da goyo yana son ya karya hagu. A ƙasarmu dama ake bi tun 1972, don haka mai karyawa hagu dole ya gitta gaban masu tahowa ta ɗaya hannun. Akwai keke napep biyu da suka tsaya ɗaukar fasinja daidai kan kusurwa, sun rufe masa ido. Ya leƙo da gaban mashin, ya ga kamar da sarari, ya murɗa. Wata tifa tana tahowa da yashi. A tsayar da hoton nan, a riƙa matsar da shi ɗaya bayan ɗaya. Tayar bayan mashin ta bar wani tabon mai da ke kan kwalta, sai a fara ƙirge. Hoto na ashirin da huɗu, tayar gaban tifa ta taka wannan tabo. Kyamarar tana ɗaukar hoto 30 a sakan guda, ke nan tsakanin rai uku da tifa sakan 0.8 ne. Babu wanda ya ji ciwo, babu wanda ya kai rahoto, gefen mayafin matar kawai iskar tifa ta ɗaga.

Wannan awo shi muke kira tazarar wucewa: lokacin da ke tsakanin barin na farko da isowar na biyu a wuri ɗaya. Akwai awo na biyu, wato lokacin da ya rage a yi karo da a ce kowa ya ci gaba da gudunsa bai kauce ba. Masana da yawa suna ɗaukar abin da ya gaza sakan 1.5 a matsayin mai hatsari. Idan cikin kwana uku aka samu irin wancan gittawa sau arba'in, talatin daga ciki kan kusurwa guda kuma duk lokacin da keke napep ke tsaye a wurin, to an gano cutar. Maganinta matsar da wurin tsayuwar, abin da ba ya cin ko buhun siminti goma.

Ina shekarar ƙarshe a sashen injiniyan gine-gine, kuma ina son in yi aikin kammala karatu a kan wannan. Ba ni da kuɗin sayen kayan aiki. Wayata za ta iya? Daga wani ɗalibi, Gawon Nama.

Za ta iya, ɗalibi, in ka kiyaye abubuwan da ke lalata irin wannan aiki.

Fara da izini. Ka karɓi takarda daga sashenku, ka kai wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, ka kuma sanar da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. A halin tsaron da ake ciki, saurayin da ya hau bene yana ɗaukar titi awa uku ba tare da kowa ya san shi ba yana jawo wa kansa zargi, kuma mutane suna da hujjar yin zargin.

Sai tsayi, wanda shi ne rabin aikin. Ana son kyamara ta kasance mita 8 zuwa 10 daga ƙasa. Ga dalili. Tirela tana kai tsayin mita 4. In tana nesa da kai da mita 30, kai kuma kana mita 6 a sama, za ta ɓoye maka mita 60 na titin da ke bayanta. Daga mita 8, abin da za ta ɓoye mita 30 ne, daga mita 10 kuwa mita 20. A garin da tirelolin siminti da motocin albasa ke ratsawa kullum, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma waɗanda ke ɓacewa a bayan tirela su ne masu mashin da masu tafiya a ƙasa, wato mutanen da ka fito dominsu. Hawa na farko na bene yana ba ka kimanin mita 5, na biyu kimanin mita 8. Nemi na biyu. Ka fuskanci arewa ko kudu. In ka fuskanci yamma, rana za ta wanke hoton daga la'asar sakaliya zuwa magariba, daidai lokacin da titi ya fi cika.

Ɗaure wayar a kan abu mai ƙafa uku, ko ka ɗaure ta tamau a jikin ƙarfen baranda, kada ta motsa ko da faɗin yatsa har a gama. Kada ka taɓa zuƙowa bayan ka fara. Sa ingancin bidiyonta a 1080p, hoto 30 a sakan. Za ta ci kusan gigabait 8 a awa, don haka ka tanadi katin ajiya da abin caji na hannu. Ka yi mata inuwa da kwali, domin waya tana kashe kyamara da kanta in ta yi zafi, kuma a bazarar Sakkwato, da ma'auni ke haura 40, minti ashirin a rana ya isa.

Kafin ɗauka, da sassafe bayan asuba lokacin da titi ba kowa, kai da abokinka ku auna ƙasa da tef. Ku sa alama da fenti a gefen titi wuri biyu, mita 20 a tsakani, a kowane hannun da ke shigowa mararrabar, inda masu tahowa ba su fara rage gudu ba. Ku kuma sa alama huɗu a kusurwoyin mararrabar ku rubuta nisan da ke tsakaninsu, har da na gicciye. Waɗannan huɗun su ne manhaja ke buƙata ta mayar da hoto taswira, in wata rana ka samu mai manhajar. Wanda ya manta da su ya dawo gida da fim kawai.

Lissafin gudu mai sauƙi ne. Buɗe faifan a kwamfuta da manhajar kallon bidiyo ta VLC, danna harafin E yana matsar da hoto ɗaya-ɗaya. Ƙirga hotunan da mota ta ɗauka daga alama zuwa alama, raba da 30 ka samu sakanni, sannan ka raba 72 da sakannin. Hoto 60 sakan biyu ne, wato kilomita 36 a awa. Hoto 43 kusan kilomita 50 ne, iyakar gudun da doka ta yarda da shi cikin gari. Hoto 30 kuwa kilomita 72. Auna aƙalla ababen hawa 100 a kowane hannu, waɗanda ba wanda ya tare gabansu, ka jera su daga mai sanyi zuwa mai zafi, ka ɗauki na 85. Da wannan adadi injiniyoyi ke aiki, domin matsakaicin gudu yana ɓoye masu tsala wuta. Wasu wayoyin suna sauya yawan hoto da kansu in haske ya ragu, saboda haka ka gwada taka: ɗauki agogo mai sakan na minti guda da yamma, ka ga ko hotunan sun cika 1,800.

Lokutan ɗauka su bi rayuwar garin. Bakwai zuwa tara na safe, sa'ar tashi daga makaranta, da huɗu da rabi zuwa magariba, kwana uku na tsakiyar mako. Juma'a bayan saukowa daga masallaci ka ware ta daban, haka ranar kasuwa, haka watan azumi gab da shan ruwa. Kada ka cuɗa su da sauran ranaku, domin kowannensu da irin tasa matsalar.

Ga kowace saura-ƙiris ka rubuta lokaci, su wa da wa, daga ina zuwa ina, gudun kowa, tazarar wucewa, da abin da ke tsaye a gefe a lokacin. Ka ɗiga ta a kan zanen mararrabar. Abu ɗaya da za ka yi hattara da shi: sakan 1.5 an fitar da shi ne a ƙasashen da kowa ke bin layinsa. A nan mashina suna gogar juna a gudun kilomita 10 ba abin da ke faruwa. In ka ƙirga duk wannan, takardarka za ta cika da ɗigon da ba shi da ma'ana. Ka fi ba da nauyi ga gittawar gicciye da ta gaba-da-gaba, ga inda ɗaya ke gudun da ya haura 30, ga kuma inda babba ya haɗu da ƙarami: tifa da mashin, mota da yaro. Sannan ka ba wani abokin karatu awa ɗaya na faifan ya ƙirga shi kaɗai. In lissafinku ya yi nisa da juna, ƙa'idarka ce ba ta fito sarai ba, ka gyara ta kafin ka ci gaba.

Sana'ata haɗa sola da kyamarorin tsaro. Ƙungiyar unguwarmu na son in kafa musu guda a mararraba ta zauna dindindin. Me ya bambanta da ta gida? Daga wani mai sana'a, Runjin Sambo.

Malam, ta gida fuskar ɓarawo take nema, wannan kuwa faɗin titi take nema, ƙafafun mararrabar duka da kimanin mita 30 na kowanne. Saboda haka ka zaɓi mai tsayayyen ido, mai lamba IP66 ko IP67, wato wadda ƙura da ruwan sama ba sa shiga, wadda kuma takardarta ta ce tana jure zafi har digiri 60. Mai juyawa ba ta dace ba, domin duk juyi guda yana rushe awon da aka yi a ƙasa. Turken ya zama mai kauri da gindi na kankare. Siririn bututu yana rawa a iskar farkon damina, hoton ya yi ta kaɗawa. Kada ka rataya a falwayar wuta sai da izinin masu ita.

Ga lissafin wuta. Kyamara da na'urar ajiya da ta intanet a ce suna jan wat 15. Sau awa 24, wat-awa 360 ke nan a rana. Batir mai bolt 12, amfiya-awa 100, yana riƙe 1,200, amma irin na dalma rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato 600, abin da zai kai ka kwana ɗaya da rabi ba rana. Farantin sola mai wat 150, a rana mai ƙarfi ta awa biyar, bayan asarar waya da zafi, zai ba da wajen 525. Ya isa, sai dai in ƙura ta rufe shi. Ka karkata shi kudu da kimanin digiri 15. Batirin kuma kada ka kulle shi a akwatin ƙarfe baƙi a rana, domin kowane ƙarin zafi na digiri 10 a kan 25 yana cinye kusan rabin rayuwar batirin dalma. Farin akwati mai ramukan iska, a ƙarƙashin inuwar farantin.

Ajiya: a gudun megabit 4 a sakan, awa ɗaya tana cin gigabait 1.8, awa 24 gigabait 43, mako guda kusan gigabait 300. Turawa ta layin waya zai cinye kuɗin ƙungiyar, gara a adana a wurin a riƙa kwashewa.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki a Sakkwato ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, cikin mako guda gilashin zai yi fari-fari, da dare kuma fitilun mota su fashe a kansa kamar an watsa gari, ba ka bambance mashin da keke. A sa wanda zai goge gilashi da faranti duk mako da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, kuma a san tun farko da wane tsani zai hau. Busasshen tsumma yana karce gilashin. Ka kashe jan hasken dare na jikin kyamarar in akwai fitilar titi, domin yana tara ƙwari da gizo-gizo a gaban ido. Da damina ka tabbata akwai waya mai sauke tsawa zuwa ƙasa. Agogon na'urar kuma a duba shi duk wata, don faifan da lokacinsa ya goce ba a iya haɗa shi da rahoton haɗari.

Mu 'yan kabu-kabu mun san ƙarshen zancen: kyamara tara ce. Ana so a riƙa kama mu ne. Ko ba haka ba? Daga wani mai haya da mashin, Arkilla.

Ɗan'uwa, tsoronka yana da tushe, domin kyamara iri biyu ce. Akwai mai karanta lambar mota don a ci tara, irin wadda Legas ke amfani da ita. Ita a ƙasa-ƙasa ake saita ta, ta zuƙo lamba. Ta nazari kuwa tana can sama da faɗin ido, mutum a cikinta bai fi ƙwayar wake ba, kuma aikin ba ya buƙatar sanin ko wane ne. Shawararmu ga duk mai kafa ta: a kira shugabannin masu mashin da na keke napep tun farko, a rubuta abin da za a yi da faifan, wa ke da ikon kallo, da ranar da za a goge shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi hoton da za a iya gane mutum a cikinsa. Yanko haɗarin wani a watsa a WhatsApp cin amana ne, kuma ranar da aka yi haka unguwa ta daina yarda da aikin.

Ita ma kyamarar cin tara ba tsafi ba ce. Wani nazari na hukumar manyan hanyoyin Amurka a 2005 ya samu cewa kyamarar kama masu keta jar danja ta rage karon gicciye da kusan kashi 25 cikin ɗari, amma karon ta baya ya ƙaru da kusan kashi 15, saboda masu taka birki ba shiri. An ci riba, domin na gicciye ya fi kisa, sai dai ba a kafa ta kafin a tabbatar lokacin danjar daidai yake.

Kuma ku ne kuka fi kowa buƙatar wannan ƙirge. Manhajojin da ke gane ababen hawa an koyar da yawancinsu ne da hotunan ƙasashen da ba su da keke napep, ba su da kurar ruwa, ba su da amalanke, ba su san mashin mai mutum huɗu ba. Sukan ɗauki keke a matsayin mota, su haɗe mashina uku su zama ɗaya. In ba a sa mutum ya ƙirga awa ɗaya ko biyu da hannu an gwada da na manhajar ba, sai a tsara mararraba kamar ba ku a garin. Hular kwano kuwa muna roƙonka da ita ko da kyamara ko babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta daidai yana rage hatsarin mutuwa fiye da ninki shida.

Makarantarmu tana kusa da mararraba mai danja, yara suna tsallakawa a guje kullum. In an yi bidiyon, me za mu nema a gyara? Daga wata shugabar makarantar firamare, Tudun Wada.

Malama, Allah Ya saka da alheri da wannan kula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ɗalibanki suna cikin wannan rukuni.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato lokutan danja, kuma faifan zai ba ki su da sakan. Yaro da tsoho ana lissafa musu mita ɗaya a sakan. Titi mai faɗin mita 14 yana son sakan 14 na tsallakawa, ban da 'yan sakannin da za su ɗauka kafin su sauko. In danja tana ba su takwas, gudun da kike gani ba rashin ji ba ne. Sai lokacin fitila mai ruwan ɗorawa, wadda ke kamawa kafin ja. A gudun kilomita 50, mota tana cin kusan mita 14 a sakan. Direba yana buƙatar sakan ɗaya ya ankara, da wasu biyu da ɗoriya na lissafin birki, jimla kimanin 3.3. In masu shigowa suna gudun 60, sai 3.8. Ruwan ɗorawar da ya gaza haka yana jefa direba inda tsayawa ba ta yiwuwa, wucewa kuma keta doka ce. Bayansa ana son ɗan lokacin da duk hannuwa ke ja, don wanda ya riga ya shiga ya fice. Mararraba mai faɗin mita 20 da mota mai tsawon mita 6 suna son kusan sakan biyu. Idan bidiyo ya nuna yawancin masu keta ja a sakan na farko suke yi, matsalar lokaci ce. In kuwa suna wucewa bayan sakan biyar ko goma, wannan aikin jami'ai ne. A kuma duba me ke faruwa in wuta ta ɗauke danjar ta mutu, don a nan ake ganin mafi munin gittawa.

Na biyu gudu. Direban da ke gudun kilomita 30 yana tsayawa cikin kimanin mita 13 a busasshiyar kwalta, mai 50 sai mita 28, mai 70 kuwa mita 47. Yashin da iska da ruwa ke tarawa a kusurwoyin titunanmu yana rage kamun taya, kuma in kamun ya ragu da rabi, nisan birki ninkawa yake. Share wannan yashi aikin kare rai ne. Inda gudun ya yi yawa a nemi matsallaka mai tudu, tsayin santimita 8 zuwa 10, mai gangare a hankali, da fenti da alama da fitila. Tudun da matasan unguwa ke yi da dare da ƙasa da duwatsu, ba fenti ba sanarwa, shi kansa yana kayar da masu mashin. A titi mai faɗi a nemi tsibiri a tsakiya, faɗin kusan mita 2, yaro ya tsallaka rabi ya tsaya ya duba ɗaya hannun.

Na uku ido. Aƙalla mita 10 daga kowace kusurwa a bar shi fili, ba mota, ba rumfa, ba allon talla. Yaro ɗan aji biyu bai kai tsayin keke napep ba, in ya fito ta bayanta direba ba ya ganinsa sai ya shigo titi. Masu sana'ar wurin a nema musu wani gurbi kusa, in ba haka ba cikin mako za su dawo, kuma da gaskiyarsu, abinci suke nema.

Babban gyara shi ne shataletale. Mararraba mai ƙafa huɗu tana da wurare 32 da hanyoyin ababen hawa ke cin karo da juna, 16 daga ciki na gicciye. Shataletale mai layi ɗaya yana da 8, babu na gicciye ko ɗaya. Alƙaluman Amurka sun nuna raguwar haɗari mai kisa ko rauni da kusan kashi 78 cikin ɗari inda aka mayar da mararraba mai danja shataletale. Sharaɗinsa mashigar ta lanƙwasa ta tilasta rage gudu, kuma mai shigowa ya jira wanda ke ciki. Wanda aka yi shi da faɗi, ana ratsa shi a miƙe, ko masu mashin suna yanke ta hagu don gajarta hanya, ba ya ba da wannan riba, kuma ga mai mashin da mai tafiya a ƙasa ribar ba ta kai ta mai mota ba.

Ki binciki mai titin kafin ki rubuta takarda. Na tarayya yana hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, na jiha kuma ma'aikatar jiha. Shafi biyu sun isa: zanen mararrabar da ɗigoginsa, alƙaluma, da gyara guda biyu ko uku da kuke nema. Ki sa lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a bangon ofis da wayar mai gadi.

An yi mana gyara bara, bana ba a yi haɗari ba. Ke nan ya yi aiki? Daga wani mai unguwa.

Ranka ya daɗe, muna fatan haka, amma shekara ɗaya ba ta isa shaida ba. Ana yin gyara ne yawanci bayan shekarar da ta yi muni ƙwarai, kuma irin wannan shekara, mai bi mata takan yi sauƙi ko ba a taɓa komai ba. A nan bidiyo ke da rana. A bar mutane su saba da gyaran wata ɗaya zuwa uku, sannan a sake ɗauka daga wuri ɗaya, tsayi ɗaya, ranaku da sa'o'i iri ɗaya, kuma kada a gwada faifan hunturu da na damina ko na lokacin hutun makaranta. A ɗauki wata mararraba mai kama da taku da ba a taɓa ba, ita ma a ƙirga ta sau biyu, don a gane ko sauyin na gari ne gaba ɗaya, kamar tsadar mai da ta rage zirga-zirga.

Sannan a raba da yawan masu wucewa. A ce kafin gyara an samu saura-ƙiris 60 cikin ababen hawa 12,000, bayan gyara 40 cikin 8,000. Ido zai ce an samu sauƙi, alhali duka biyun 5 ne cikin kowane dubu. A duba har mararrabar da ke gaba da lungunan da ke kewaye, domin wani lokaci masu gudun tudu sukan koma bin cikin unguwa, inda yara ke wasa a ƙofar gida. In an ga haka, sai a kai kyamarar bakin lungun a sake ƙirge na kwana uku.